Hattara da mai tallan balan-balan ɗin Hilux a Facebook

Salamu alaikum 'yan uwa direbobi na Garwa da Marwa har Kuseri, don Allah a yaɗa wannan. Akwai wani da ke yawo a Facebook da gurup-gurup na WhatsApp yana tallan jakar iskan nan ta roba da ake ɗaura wa akori-kura a baya, tsakanin shasi da gatarin taya, wai in ka sa ta Hilux ɗinka zai ɗauki tan uku ya kuma ja remok, wato tirela, cike da albasa ba ko gezau. Wallahi ƙarya yake.

Yadda yake yi, sai ya ce kaya na tashar ruwa a Duwala, ka tura rabin kuɗi ta Orange Money, bayan kwana biyu ya ce duwan, wato kwastan, sun riƙe a ƙaro wani abu, daga nan lamba ta mutu. Wanda ma ya samu kayan bai tsira ba. Wani maƙwabcina nasa ya iso, na riƙe da hannuna, sunan kamfanin da ke jikin robar fenti ne kawai, ka goga da babban yatsa ya fita, ƙarfen ɗaurin kuma sirit kaman kwanon rufi, ba takarda ba komai. An hura ta da yamma, kafin asuba ta sace.

Toh amma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne maganar tan ukun nan, don ita ce za ta kashe mutane. Ko ta asalin, irin su Air Lift da Firestone na Amurka, su da kansu sun rubuta cewa ba ta ƙara wa mota nauyin da aka ƙayyade mata. Aikinta ta ɗaga bayan mota ya daidaita in ya zauna, fitila ta daina kallon sama, sitiyari ya daina yin sakayau. Shi ke nan fa. Birki na nan yadda yake, taya da gatari ma haka, Hilux kuma wajen tan ɗaya aka yi shi ya ɗauka, duba kart giriz ɗinka, wato takardar rajistar mota, ka gani. Lam, wato ƙarafan sifirin na bayan mota, yana raba nauyi ne a wuri biyu a jikin shasi, jakar kuwa wuri ɗaya take tokara, ka cika ta da iska ka lafta kaya ka hau hanyar Mora zuwa Kuseri da ramukanta, shasi ne zai lanƙwashe. Balle gangaren falez na Ngaundere da remok a bayanka yana turo ka, ya Alhaji wane birki ne zai tsayar da kai?

Ta Air Lift ba a barinta ƙasa da PSI 5 a ma'aunin iska, ba a wuce 100, shi ko mutumin nan ka tambaye shi iska nawa sai ya ce hura kawai har ta yi tauri.

In kana so ka saya, tafi da makanikenka shago mai ƙofa, ku gani ku taɓa kafin sefa ɗaya ta fita. Wanda ya riga ya tura kuɗi kar ya goge saƙon, ya ɗauki hotonsa da lambar ya kai wa jandarma.