Robar birkin keken tirayal: wacce ke riƙe rim, wacce ke ihu kawai

Keken tirayal ba na zuwa kasuwa ba ne, yawancinsu ma ko sirdi ba su da shi. Aikinsa hawa dutse da gungume da katanga, da tsalle daga wannan zuwa wancan a kan tayar baya kaɗai ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba. A yankin Kataloniya na Sifaniya wasan ya kankama wajen ƙarshen shekarun 1970, kuma har yau a Turai ya fi ƙarfi. A wannan wasa ba a neman birkin da zai rage gudu a hankali. Ko dai wili yana juyawa, ko kuma ya ƙame kamar an yi masa walda. Shi ya sa robar birkin keke ta yau da kullum ba ta da wani amfani a nan.

Na gwada roba iri uku a birkin baya samfurin Magura HS33, wato birkin kamfanin nan na Jamus da ke matse rim da ƙarfin mai a madadin waya. Wilin mai inci 26 ne, faɗin rim ɗinsa milimita 47. Ɗaya robar mai taushi ce a kan mazaunin filastik (mazauni shi ne abin da robar ke manne a kai), ta biyu matsakaiciya ita ma a kan filastik, ta uku mai tauri a kan mazaunin alminiyam. Hukuncina a taƙaice: kada ka zaɓi roba kafin ka yanke shawarar yadda fuskar rim ɗinka za ta kasance, kuma mazaunin da robar ke kai yana da muhimmanci daidai da ita kanta robar.

Abu biyu ake aunawa. Na farko cafka, wato saurin kama rim da zarar yatsa ya taɓa hannun birki. Na biyu riƙo, wato ko wilin zai zauna a ƙame bayan an kama shi, musamman idan nauyi na tura shi baya. Ka yi tsalle ka dira a bakin katanga da tayar baya, rabinta a sama rabinta a iska, nauyinka duka yana so ya mirgina wilin baya. Idan roba ta saki ko da ɗan yatsa ne, keken zai zame daga ƙarƙashinka ka faɗi da gadon baya. Akwai roba mai cafka kamar kunama amma ba riƙo, kuma ita ce mafi haɗari, domin tana sa ka amince da ita. Ƙara kuwa, wadda samari ke so, ba ma'auni ba ce. Girgizar roba ce a kan rim, firam yana amsawa. Na ji birki mai tada unguwa da ke zamewa, na kuma ga mai ɗan gunaguni da ba ya motsi.

Yanzu batun fuskar rim. Hanya uku ce: a bar shi sumul yadda ya zo, a shafa masa kwalta, ko a gurza shi. Masu gasa da ke amfani da birkin rim kusan duk gurzawa suke yi. Ana cire wili, a cire taya da tub, a wanke rim tas, a kwantar da shi a ƙasa a danne da ƙafa ko a ɗaure. Sai a ɗauki giranda irin ta masu walda a bi gefen rim da bakin faifan, ana tafiya da ita ba tsayawa, har fuskar ta cika da ƙananan zane masu kaifi da suka gitta hanyar da roba ke bi. Idan faifan ya tsaya kusan a miƙe a kan rim, zanen yana fita da kaifi. Idan aka kwantar da shi sosai, gogewa kawai yake yi, rim ya yi ƙyalli amma ba haƙora. Kaifi ake nema, ba zurfi ba. Wanda ya danna da ƙarfi yana cin alminiyam a banza, kuma kowace gurza tana rage kaurin bangon rim, har wata rana ya lotsa a kan dutse. Faifan da alminiyam ya toshe ba ya yanka, shafawa yake yi, sai a sauya shi. A sa tabarau, kada a cire murfin giranda, domin siririn faifai yana iya fashewa idan aka matsa shi ta gefe. Bayan an gama, a bi bakin rim da magagari a cire ƙayoyin da za su iya yanka taya.

Da wannan ne za a fahimci bambancin robobin. Kusan duk robar tirayal da foliyuretan ake yin ta, dangin abin da ake yin tayar siket da shi, wato allon nan mai ƙananan tayoyi da samari ke sulu a kai, kuma ana auna taurinta da ma'aunin Shore A. Yawancinsu suna tsakanin 80 da 95, yawan lamba yawan tauri.

Mai taushin ta yi kyau ƙwarai a rim sumul idan ƙasa a bushe take. Tana manne wa alminiyam kamar danƙo, cafkarta nan take ce. Amma ɗigon ruwa kaɗan ya ishe ta. Ka bi ta kan jiƙaƙƙiyar ciyawa sau ɗaya, birki ya tafi hutu. Ƙura ma haka, wadda ita ce za ta fi damun mai hawa a ƙasashenmu lokacin hunturu: ta kwanta a rim sumul ta zama kamar hoda tsakaninsa da roba, sai an riƙa gogewa da tsumma. Da na sa ta a gurzajjen rim kuwa, sai haƙoran suka riƙa cin ta kamar ana goga kuɓewa. Cikin ɗan lokaci rim ya cika da garin roba, kaurinta ya ragu a fili. Akwai kuma wata matsalar da ba a gani sai an ji: roba mai taushi da kauri tana lanƙwasa gaba da baya, sai wilin ya riƙa ɗan rawa ko da birki na kame. Idan kana tsaye da keke a kan siririn ƙarfe, wannan rawar tana ɓata daidaito.

Matsakaiciyar ita ce wadda zan ba sabon shiga. A gurza mara zurfi tana cafka da kyau, riƙonta ya isa tsallen da bai wuce tsayin ƙugu ba, tana kuma yafe ƙaramin kuskuren saiti saboda tana ɗan bajewa ta cike giɓi. Ba ni da dogon zance a kanta. Iyakarta tana bayyana ne idan gurza ta fara dakushewa ko kuma an dira da ƙarfi daga sama, kuma rabin laifin na mazauninta ne.

Mazaunin filastik yana shiga kan fiston, wato abin da ke turo roba zuwa rim, da wasu ƴan haƙora da ke ɗanewa. Yana da araha, kuma idan ƙafa ta buge shi yakan fita ko ya karye ba tare da ya lalata fiston ba. Amma yana lanƙwasa. Idan ka matsa birki, tsakiyar robar ce ke danna rim sosai, bakunan biyu suna ɗagawa. Kana da roba mai tsawo amma rabinta ke aiki. Da ya tsufa kuma yakan yi sako-sako a kan fiston. Gwajin mai sauƙi ne: ka kama birki ka tura keken gaba da baya kana kallon robar. Idan tana kai da komo tare da rim, to wannan motsin ne kake ji a ƙafarka.

Na alminiyam, wanda injin sassaƙa ya fitar, ba ya lanƙwasa. Ƙaramin zoben roba ne ke riƙe shi a kan fiston. Ƙarfin yatsanka yana bazuwa a duk tsawon robar, hannun birki ya yi tauri, ka san daidai inda ya kama. Mai tauri a kan wannan mazauni, bisa sabuwar gurza mai kaifi, ita ce ta fi duka riƙo nesa ba kusa ba, a bushe da kuma a jiƙe, domin haƙoran rim suna huda ruwan su nutse cikin robar. Ta kuma fi daɗewa. Sharaɗinta biyu ne. Ba ta aiki a rim sumul ko gurzar da ta mutu, zamewa take yi kamar sabulu. Kuma ba ta yafe karkataccen saiti ko kaɗan. Sunayen da za ka riƙa cin karo da su a wannan aji sun haɗa da TNN, Heatsink, Trialtech, Jitsie, da robar Coust mai ɗauke da sunan iyalin Coustellier na Faransa waɗanda suka yi fice a wasan. Kada launi ya ruɗe ka: koriyar wani kamfani ba ita ce koriyar wani ba, ka duba abin da aka rubuta, ko ta rim sumul ce ko ta gurzajje. Baƙar robar da ke zuwa tare da birkin an yi ta ne domin tafiyar hanya, a rage gudu cikin natsuwa, ba domin wannan aiki ba.

Saiti kuwa, a nan ne mutane da yawa ke zagin roba alhali ba laifinta ba ne. Fara da wili: idan rim yana rawa, a ɗaure sifok a miƙar da shi tukuna. Mayar da ɗan maɓallin da ke hannun birki, wanda ke turo roba kusa da rim, zuwa farkonsa. Sassauta kusoshi biyu na kowane maƙalli da ke riƙe silindar birki a jikin firam, ka matso da silinda har roba ta kwanta sak a fuskar rim, gaba da baya, sama da ƙasa, ba ta taɓa taya ba kuma ba ta leƙo ƙasan rim ba. A keken hanya ana karkata gaban roba kaɗan don kashe ƙara, amma a tirayal ba a yin haka. Ka bar tazarar milimita 2 zuwa 3 a kowane gefe. Kwali mai wannan kauri da aka soka tsakanin roba da rim yana taimakawa wajen ɗaurewa. Ka ɗaure kusoshin bi da bi, kaɗan kaɗan, don idan ka gama da ɗaya kafin ɗaya silinda za ta juya. Kada ka nuna ƙarfi, zaren da ke jikin firam alminiyam ne, yana saurin cinyewa. Bayan an hau na ɗan lokaci, cire robar ka dube ta. Idan gefe ɗaya ne ya ci, saitin ya karkace, sai a baje fuskar a kan samfefa da aka shimfiɗa bisa abu mai tauri mara gargada a sake.

Idan ka matsa birki ka ga ƙafafun firam suna buɗewa, ƙarfinka a can yake tafiya. Maganinsa ƙarfen nan mai siffar kofaton doki da ake ɗaurawa a kan maƙallan biyu. Ka kuma kula da kaurin roba kafin ka saya. Faffaɗan rim a ƙunƙuntaccen firam ba ya barin wuri, sabuwar roba mai kaurin milimita 8 zuwa 10 tana iya ƙin shiga, sai an nemi siririya ko an rage ta.

Sabuwar roba tana bukatar ta saba da rim. A zuba ruwa mai tsabta a rim, a yi ta ja da saki a hankali har ya bushe, sau biyu ko uku. Kada a yanke mata hukunci a ranar farko. Kada kuma a sauka doguwar gangara ana jan birki, zafi yana narka fuskar foliyuretan ta yi santsi, ta kuma cike zanen rim. Babban maƙiyinta mai ne, ko na sarƙa ko na birki da ya ɗigo daga silinda. Idan birki ya yi shiru farat ɗaya ya fara zamewa, duba nan da farko. Wanke rim da sifirit, kankare fuskar roba da samfefa. Idan man ya daɗe a kanta, sauyawa ya fi. Af, birkin Magura man ma'adinai yake sha, man birkin mota yana lalata zobbansa. Wasu mahaya ruwa suke ɗurawa don hannun ya yi saurin dawowa, amma wannan ba umarnin kamfanin ba ne.

Kwalta ba na ba da shawararta sai ga wanda ba shi da halin gurza. Ƴan layuka sirara a rim sumul suna ƙara cafka da ƙara, amma a ruwa ba ta da amfani, a zafi kuma tana narkewa roba ta manne ta ƙi sakin rim, daidai lokacin da kake son wili ya juya. A rana irin tamu ta bazara wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Mai birkin waya irin na V duk wannan ya shafe shi, sai dai robarsa tana da kusa mai zare da washa masu kumburi da rami da ke ba ta damar juyawa. Mai faɗin washa a ciki ko a waje shi ke sa hannayen birki su tsaya a miƙe lokacin da roba ta taɓa rim.

A gaba, inda ake bukatar ɗan sassauci wajen mirginawa a kan tayar gaba, matsakaiciya a gurza mara zurfi ta fi min daɗi, da yawa ma birkin faifai suke sawa a nan. A baya kuwa mai tauri a kan alminiyam nake bari. Kuɗinta na farko ya fi yawa, amma mazaunin sau ɗaya ake saye. Idan roba ta rage saura milimita 2, kafin alminiyam ya kai ga rim, sai a dafa mazaunin a tafasasshen ruwa ko a gasa shi har gam ya saki, a ɓamɓare tsohuwar, a kankare ramin tas, a ɗiga sufagulu a danna sabuwa a cikin matsi, a bar ta ta kwana kafin a hau.