Ofishin lauyoyin da ya sa mana fili da sunan ’yarmu a Khon Kaen

Matata ’yar ƙasar Tailan ce, kuma ta gaji fili rai biyu daga mahaifinta a wajen garin Khon Kaen, wato murabba’in mita 3,200, tunda rai guda, ma’aunin fili na Tailan, murabba’in mita 1,600 ne. Da muka yanke shawarar mayar da shi sunan ’yarmu mai shekara tara, sai muka nemi wani ƙaramin ofishin lauyoyi da ke cikin gari, kuma abin da na gani a wurinsu ne zan bayyana.

Tun zaman farko lauyar ta raba mini zare da abawa. Dokar filaye ta 1954 ta hana baƙo irina mallakar ƙasa, amma yarinyar ba baƙuwa ba ce, domin duk wanda uwarsa ko ubansa ɗan Tailan ne yana samun ’yancin zama ɗan ƙasa tun daga haihuwa, ko da a waje aka haife shi. Abin da jami’an ofishin filaye ke bincika shi ne ko an fake da sunan yaro ne domin uban ya riƙe fili ta bayan fage, saboda haka ta sa muka tanadi takardar haihuwa, da littafin rajistar gida mai shuɗin bango, da takardar aurenmu, kafin mu taka ƙafa can.

Inda na fi yaba mata shi ne abin da ba na son ji. Ta buɗe sashe na 1574 na dokar hulɗar jama’a da kasuwanci, ta ɗora yatsa a kai, ta ce da zarar sunan yarinya ya hau bayan takardar chanote, wato takardar shaidar mallakar fili, ni da uwarta ba mu da ikon sayar da filin, ko jinginar da shi a banki, ko ba da hayarsa fiye da shekara uku, sai da izinin kotun yara da iyali, kuma haka zai kasance har ta cika shekara 20. Na yi shiru, domin a raina ina lissafin cin bashi da filin idan kasuwa ta juya mini baya. Ta kuma nuna cewa idan ina son a rubuta mini haƙƙin cin moriyar filin muddin raina, to a yi shi tun yana hannun matata, domin bayan haka shi ma sai an je kotu.

Aikinsu yana da nasa aibin. Saƙo yakan kwana uku ba amsa, kuma fassarar takardun da suka ba ni da Turanci ta zo da kuskure a rubutun sunana, abin da ya ci mana mako guda kafin a gyara. Kuɗin aikin ma bai zo a rubuce ba sai da na matsa.

Ranar rajista kuwa lauyar ta zauna tare da mu tun safe har azahar, ta amsa tambayoyin jami’in, kuma ta tabbatar an caje mu kuɗin canja sunan mai fili kashi 0.5 cikin ɗari na kyautar uwa ga ’ya, maimakon kashi 2 na ciniki. Ga mai irin matsayina zan ba da shawarar ofishin, da sharaɗin ya karɓi farashi a rubuce kuma ya duba haruffan sunansa da idonsa.