Kwantar da yaro a Maraɗi: asibitin gwamnati, kilinik, ko Madarunfa?

Sau uku na yi zaman jinyar yara a garin nan, biyu nawa, ɗaya na ƙanwata, kuma duka ukun a cikin damina suka faɗo. Wanda ya san Maraɗi daga watan Yuli zuwa Oktoba ya san lokacin da sauro da tamowa ke haɗa kai su cika ɗakunan yara, har a ga biyu a gado ɗaya. Shi ya sa nake ganin gara a yi shawarar inda za a kai yaro tun yana wasansa a tsakar gida, don ranar da jikinsa ya yi zafi cikin dare ba wanda ke da natsuwar yin lissafi.

A fara da likitar unguwa, wato CSI. Tana kusa, ana tsaga yatsa a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro nan take, a ba da magani, wani lokaci a ajiye yaro na ƴan sa'o'i a duba shi. Amma ba wurin doguwar kwanciya ba ce. Yaron da ke jijjiga, ko ya kasa kama nono, ko duk abin da ya shiga cikinsa ya dawo, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, takardar turawa za a rubuta masa zuwa gaba. A riƙe takardar nan da kyau tare da karnen yaro, wato ɗan littafinsa na asibiti, domin tana rage tambayoyi a ƙofar babban asibiti.

Daga nan sai asibitocin gwamnati manya: babban asibitin jiha da ake kira CHR, da cibiyar uwa da yaro, da kuma asibitin referans. Abin da ya sa nake ba su gaba idan ciwo ya yi tsanani shi ne kayan ceton rai: iskar taimakon numfashi, ƙarin jini, da ma'aikatan da suka ga irin ciwon ɗanki sau ba adadi. Ta fannin kuɗi kuwa, tun 2006 dokar ƙasa ta ce yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta ake duba shi a asibitin gwamnati, a 2024 kuma aka rage kuɗin jinya da rabi ga sauran jama'a. Sai dai kyautar tana tsayawa inda maganin ɗakin ajiya ya ƙare. A ɗaya daga cikin zaman da na yi, ƙarfe ɗaya na dare aka miƙo mini ordinansi, aka ce wannan allurar babu, a je farmasi. Da maigidan bai bar mini jika biyar a bakin zane ba, kuma da ɗan kabu-kabun da muka sani bai ɗauki waya ba, ban san yadda za mu kwana ba. Saboda haka ko da yaro ɗan shekara biyu ne, kada a zo hannu sake.

Maganar jini ita ce mutane ba sa shirya mata. Zazzaɓin cizon sauro yana cinye jinin yaro da sauri, kuma sau da yawa dangi ake cewa su kawo wanda zai bayar. Tun ana hanya a kira baffa ko kawu mai lafiya, a ce ya zauna kusa da wayarsa.

Kilinik mai zaman kanta fa? Nan ne ake samun ɗaki mai pampo da fanka, wani wurin har da na'urar sanyaya ɗaki, layi gajere, dokta ya tsaya ya saurare ki. Ga ciwon da bai kai gargara ba, kamar zawo da ke bukatar ƙarin ruwa na kwana ɗaya ko biyu, wanda yake da hali bai yi asara ba. Amma komai da kuɗinsa, daga gado zuwa gwaji zuwa robar ƙarin ruwa, kuma gratuwite, wato kyautar jinyar yara, ba ta shiga can. Kafin a sa hannu a biya, a yi tambaya uku ba tare da jin kunya ba: akwai dokta da ke kwana a nan, ko sai an kira shi daga gida? Akwai iskar numfashi, kuma tana aiki idan an ɗauke wuta? In yaro ya bukaci jini, a nan za a ƙara masa ko sai an tura mu? Na ga iyayen da suka kashe kuɗin kwana biyu a ɗaki mai kyau, daga baya aka sa su a mota zuwa asibitin da suka guje wa tun farko, yaron kuma ya ƙara galabaita.

Ga mutanen kudancin gari da ƙauyukan wajen Ɗan Isa, akwai asibitin Madarunfa, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana tallafa wa sashen yara, musamman masu tamowa. Kyauta ne ga ƙananan yara, sai dai a lissafa nisa, da cewa mai kawo abinci daga gida ba zai iya zuwa safe da yamma ba.

Shi sashen tamowa, wanda ake kira CRENI, yana da nasa tsari da ke ba uwaye mamaki. Ba kunu, ba hura, ba tuwo a kwanakin farko. Wata madara ce ta musamman, F-75, ake aunawa a kofi a ba yaro kowane sa'o'i biyu ko uku, har cikin dare. Wanda ya kasa haɗiya sai a zura masa siririyar roba ta hanci. Ranar da aka sa wa ɗan ƙanwata, kakarsa ta tashi tsaye ta ce a cire, ai wannan alamar an fid da rai ne. Wata ma'aikaciya ta dafa ta ta ce, "Inna, ki zauna, abinci ne kawai ke bi ta nan." Bayan kwana uku ya fara karɓar kofi da kansa, daga baya aka koma madara mai ƙarfi da biskit ɗin gyaɗa. Irin wannan kwanciya takan kai mako ko ta wuce, don haka a san wa za a bar wa sauran yara a gida.

Na zazzaɓi mai tsanani ya fi gajarta. Allurar artesunat ake yi, ta farko, wata bayan sa'o'i 12, wata a cikar 24, in yaro ya fara iya sha a koma ƙwayoyi na kwana uku. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ganin ya tashi zaune sai a matsa a sallame shi, ko a je gida a bar ƙwayoyin a rabi.

Ko ina aka zaɓa, mai jinya ɗaya ake bari a gefen gado, kuma ita ce idon yaro: ita ke lura ruwan roba ya tsaya, ita ke ƙirga sau nawa ya yi fitsari, ita dokta zai tambaya da safe lokacin zagaye. Uwa mai shayarwa ba a raba ta da ɗanta, amma a samo mata wadda za ta karɓe ta ta ɗan runtsa. Kayan tafiya kuwa tabarma, buta, bokiti, sabulu, zannuwa uku ko huɗu, gidan sauro, fitila da cajar waya. Ƴan dubiya su yi haƙuri su tsaya a lokacin da aka ware, su bar yara masu lafiya a gida, kuma kada a shigo da jiƙo ko rubutu a ba mara lafiya a ɓoye ba tare da an tambayi majo, wato babban ma'aikacin jinya na sashen, ba.

Ranar sallama a nemi a rubuta ranar dawowa a cikin karne, a kuma sa ma'aikaci ya nuna awon kowane magani da cokali ko sirinji kafin a ɗaure kaya.