Hawan Dutsen Batur da asuba: jagora ya burge ni, kamfani ya rage min daɗi

Mutumin Jos ba baƙon dutse ba ne. Tun ina saurayi nake hawa duwatsun Shere, kuma ƙololuwarsu ta ɗara Batur tsayi, don shi mita 1,717 ne. Shi ya sa da muka je hutu Bali a Indonesiya ni da maiɗakina, ban yi wata-wata ba na biya wani kamfanin yawon buɗe ido ya kai mu kallon fitowar rana a kan wannan dutse mai aman wuta.

Mota ta ɗauke mu a garin Ubud ƙarfe 2 na dare daidai. Wajen ƙarfe 4 muka fara hawa ta gefen ƙauyen Toya Bungkah, kowa da tocila a hannu. Farkon hanyar babu wuya. Can sama ne ƙasa ta sauya, sai baƙin yashi da tsakuwa masu kaifi, ka taka uku ka zame ɗaya. Namu na Jos yana riƙe takalmi, wannan kuwa abin da dutsen ya amayar ne, ba ya tsayawa wuri guda. Maiɗakina ta ce, "Maigida, gwiwata fa ta fara." Jagoranmu ya karɓi jakarta, ya miƙa mata sanda, ya rage sauri ba tare da ya nuna mun ɓata masa lokaci ba.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne sallar Asuba. Jagoranmu mabiyin addinin Hindu ne kamar yawancin mutanen Bali, amma da na gaya masa, nan da nan ya nemo mana fili a bayan wata rumfa inda iska ba ta kaɗawa sosai, ya tsaya yana haska min ina alwala da ruwan gora mai sanyi kamar na hunturun Jos. A can alƙibla wajen yamma take. Jama'a duk sun fuskanci gabas suna jiran rana, mu biyu mun ba ta baya muna gaban Ubangiji.

Muna sallamewa gari ya fara ja. Hazo ya kwanta a kan tafkin Batur kamar an shimfiɗa auduga, ga Dutsen Agung a tsaye, can nesa kuma Rinjani na tsibirin Lombok. Subhanallah kawai nake maimaitawa. Jagoran ya kai mu wani rami da tururi ke fita, na sa hannu na janye da sauri. A nan suke dafa ƙwai da ayaba. Rabon dutsen da aman wuta tun 2000, kuma a 1926 ya binne ƙauyen Batur har mutanen suka koma saman gangare. Na tuna tsaunukan Panyam da Kerang a gida, su ma sun taɓa yin wuta, sai dai sun daɗe da yin shiru.

Kamfanin ne ya gaza. Sun ce ƙaramin rukuni, muka tarar da layin tocila tun daga ƙasa har sama. Ba su gargaɗe mu kan takalmi ba, na ga wata baiwar Allah tana saukowa a zaune. Karin kumallon da suka yi ta talla, ƙwai ɗaya ne da burodi da ayaba, birai kuma na jiran ka kau da ido. A hanyar dawowa, ga gajiya ga barci, suka tsayar da mu a gonar kofi kusan awa guda ana matsa mana mu saya. Wannan ya ɓata min rai ƙwarai.

Zan sake hawa in Allah ya nufa, amma zan ɗauki jagora namu mu kaɗai, kuma kafin in biya sai an faɗa min duk inda mota za ta tsaya.