Mesar da ke ɓuya da mesar da ke yawo: wacce ke cikin damuwa?

Ɗan uwa, ka ce ƙaramar mesar da kake kiwo, wadda Turawa ke kira ball python, tana wuni cikin maɓoyarta ko kanta ba ka gani, ga shi sati huɗu ba ta karɓi ɓera ba. Ta abokinka kuwa kullum tana zagaye akwati tana hawa gilashi, kai kana ganin kuzari ne. Kana tsoron taka ce marar lafiya. A yadda ka bayyana su, ta abokinka na fi ji wa tsoro.

Wannan mesa 'yar yankinmu ce. Daga Ghana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa Turai da Amurka, akwai ta kuma a Najeriya da Kamaru. A daji, cikin suri ko tsohon ramin gafiya take wuni, inda ke da duhu da laima da matsi, sai magariba ta yi take leƙowa. Don haka wadda ta samu natsuwa a gida haka take yi: ta shige maɓoya, da dare ta fito da kai ta kafa shi a bakin ƙofa tana jiran abin da zai wuce, ko ta ɗan zaga ta koma. Wadda ke yawo da rana tsaka, tana goga hanci a murfi har ya saɓule, hanyar fita take nema. Ko zafi ya yi mata yawa, ko babu inda za ta ɓuya jikinta ya taɓa bango ta kowane gefe. Abokinka ya sa mata maɓoya biyu matsattsu, ɗaya a gefen ɗumi ɗaya a gefen sanyi. Kasko ma ya isa in an kifa shi an fasa masa ƙofa.

A hannu bambancin ya fi fitowa. Mai kwanciyar hankali jikinta a sake yake, tana ratsa yatsunka a hankali, harshe na fita yana daɗewa a waje tana shinshina. Wadda ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kai a tsakiya, ko ta sandare, ta lanƙwasa wuya baya, ta yi huci, wani lokaci ta kai sara. Ba ta da dafi, kuma ba mugunta ba ce. In ta yi haka a mayar da ita, a ba ta kwanaki. Bayan ta ci ma kada a ɗauke ta sai an yi kwana 2, don tana iya amayar da abincin, amai kuma yana galabaitar da maciji ƙwarai. In ya faru, a jira sati 2 kafin a sake ba ta.

Ƙin ci shi ya fi tayar maka da hankali, na sani. Mesa irin wannan, in ta gama girma, tana iya yin wata biyu ko uku ba ta ci ba, musamman namiji a lokacin sanyi, kuma lafiyarta ƙalau. Sikeli ne zai raba maka gardama. Ka riƙa auna ta duk sati biyu kana rubutawa. Wadda ke hutun ci nauyinta kusan a tsaye yake, jikinta a cike. Wadda ke ciwo tana zubewa, ƙashin bayanta ya fito kamar tsini, fata ta yi yaushi. In ta rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinta, a nemi likitan dabbobi. Jaririya kam ba a jira da ita haka, sati huɗu ya yi mata yawa. Ka kuma binciki asalin taka: wadda aka kamo daga daji ta fi ƙin ci, kuma sau da yawa tana zuwa da kaska da tsutsar ciki.

Sai saɓa. In idonta ya yi hazo-hazo, fata ta dushe, ta ƙi ci ta ƙi fita, ba makanta ba ce, saɓa za ta yi cikin sati ɗaya zuwa biyu. Lafiyayyiya tana tuɓe ta gaba ɗaya kamar safa. In ta fito gutsi-gutsi, wata ta maƙale a ido ko ƙarshen wutsiya, iskar akwatin ta bushe. Nan hunturu ke cutar da masu kiwo a arewa, don laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20, ita kuwa tana son 60 ko sama. Bazara ma da nata: gefen ɗumi digiri 31 zuwa 32 ake so, gefen sanyi 25 zuwa 27, alhali a Afrilu ɗaki mai rufin kwano yana haura 40. Wannan zafin yana kashe ta.

Wadda ke wuni cikin kwanon ruwa, a duba ruwan. In akwai ƙananan baƙaƙen ɗigo kamar ƙuma, ƙwari ne ke shan jininta. In babu, wataƙila zafi take gudu.

Abin da ba a kwana da shi numfashi ne. Lafiyayyiya bakinta a rufe, ba ka jin sautin komai. In ka ga baki a buɗe, kumfa ko majina a hanci, tana ɗaga kai sama tana wani fito-fito, ranar za a kai ta likita.

Yau da dare ka kashe fitila, bayan isha'i ka leƙa a hankali. In ka tarar da kanta a bakin maɓoya harshe na fita, ka auna ta gobe, ka sake gwada ɓera bayan kwana 10. Ka kuma ara wa abokinka ma'aunin zafi.