Rahoto zuwa Daura daga ƙauyukan gero na Rajastan

Kawu, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan mutanen gida, ga bayanin da ka nema a kan yadda manoman nan suke samun kayan aiki da sauran hidimomi, tunda binciken da jami'armu ta tura ni ya zaunar da ni a ƙauyukan yammacin jihar Rajastan ta ƙasar Indiya, tsakanin Jodhpur da Barmer, a bakin hamadar Thar.

Ƙasar jigawa ce, ruwan da take samu a shekara bai kai milimita 400 ba, wato bai kamo na Daura ba, zafinta kuwa a garin Phalodi an taɓa auna digiri 51 a watan Mayun 2016. Gero ne abincinsu, kuma babu jihar da ta kai Rajastan noma shi a duk Indiya. Aikina shi ne bin gonaki tare da tafinta, ina ɗibar ƙasa, ina tambayar masu gona abin da suka shuka da abin da suka kashe. Abin da na gani shi ne manomin nan bai fi namu ƙwazo ko sanin ƙasa ba, illa dai hidima tana iske shi har ƙofar gida.

Takin yuriya gwamnatin tarayya ce ta ƙayyade farashinsa, buhu mai kilo 45 bai kai rufi 300 na kuɗin Indiya ba, an kuma buga farashin a jikin buhun. Mai saye sai ya ɗora yatsa a na'urar dillali an tantance shi, domin a rage karkatar da kaya. Yakan yi ƙaranci a lokacin shuka har a yi dogon layi, amma manomi ya san tun da rani nawa zai tanada, alhali a wajenmu farashi yana hawa ne tare da damina, har mutum ya koma sayen tiya biyu ya barbaɗa wa gona guda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cinikin madara. A ƙauyen da nake kwana akwai ɗan ɗaki na ƙungiyar gama kai, inda mata suke layi safe da yamma da gwangwanayensu na ƙarfe. Ma'aikaci zai auna madarar, ya ɗibi kaɗan ya zuba a na'urar da ke nuna yawan mai, nan take takarda ta fito da nauyi da kuɗin da za a biya. Mota ce take kwashewa zuwa masana'anta, a sayar a birane da sunan Saras. Macen da take da saniya ɗaya tana da kuɗin shiga a kai a kai ba tare da ta taka kasuwa ba. Duk wanda ya san yawan dabbobin da ke shiga kasuwar Mai'aduwa, ya kuma san nisan da matan Fulani suke yi da ƙwarya a ka kafin su sayar da nono, dole ya ji takaicin rashin irin wannan tsari.

Ruwan ƙasa a wurare da yawa gishiri ne, don haka kusan kowane gida yana da rumbun ruwa a ƙarƙashin ƙasa, wanda suke kira tanka. Rami ne da aka shafe da siminti aka rufe, aka daɓe filin da ke kewaye da shi ya gangaro, ta yadda ruwan sama kaɗan ma zai tsiyaye ciki, iyali su sha har tsawon watanni.

Biyan kuɗi kuwa da waya ake yi, ta tsarin da aka fara a 2016, har mai shayi yana da tambarin da ake haskawa da waya a biya shi a jikin tebur, babu kuma lada irin wanda ake cirewa a wajen masu POS. Baƙo ne yake shan wuya kafin ya buɗe asusu ya sami layin waya, sannan wasu yankunan da ke kusa da iyakar Pakistan baƙo ba ya shigarsu sai da takardar izini ta musamman. Asibitocin gwamnatin jihar suna ba da magani kyauta tun 2011, sai dai samun likita a ƙauye mai nisa aiki ne.

Ta fuskar abinci da zamantakewa kuwa gida ya fi. Yawancin mutanen ba sa cin nama, Musulmi sai ya je gari kafin ya sami na halal, kuma gaurayen gero da tsala da suke sha bai kama ƙafar furarmu ba. Bambancin asali yana da ƙarfi, akwai gidajen da ba sa shan ruwa a moɗa ɗaya da maƙwabtansu, matan aure kuma suna rufe fuska ba sa magana da baƙon namiji, shi ya sa sai da na nemi mataimakiya kafin na ji bayanin kiwo daga bakin masu yinsa. Amma ina kaiwa magariba a gona in dawo kan babur hankalina kwance, abin da manoman Batsari da Jibiya da Faskari suka daɗe suna roƙon Allah ya dawo musu da shi.

Roƙona, Kawu, shi ne ka tambayar mini magini mai amana kuɗin haƙa da shafe ramin da zai kai ƙafa goma zurfi. Zan aiko da zanen tankar da na auna, mu gwada guda ɗaya a gidan gona kafin ruwa ya sauka.