Ayifis uku da na gwada a kan Mushtari da Zuhal

Jama'a masu kallon sama, na daɗe ina son in rubuta wannan. Teleskop ɗina Dobsonian ne, wato irin wanda ake juyawa da hannu a kan mazauninsa, mai madubi inci 8, tsawon fokas ɗinsa milimita 1200, kuma tun da na saye shi abin da ya fi cin kuɗina shi ne ayifis, wato ɗan gilashin nan da kake ɗora ido a kai. Lissafin ba wuya, ka raba 1200 da lambar da ke jikin ayifis ɗin, shi ne yawan girman da zai ba ka. Mai 25 ninki 48, mai 10 ninki 120, mai 6 kuma ninki 200.

Wanda ya zo a cikin kwalin, mai 10 ɗin nan, ba zan ɓata lokaci a kansa ba. Ya nuna min Mushtari, wato duniyar Jupiter, da manyan watanninsa huɗu, Io da Europa da Ganymede da Callisto, waɗanda Galileo ya gani tun 1610, amma layukan jikin duniyar dishi-dishi suke fitowa kamar kana leƙe ta gilashin mota mai ƙura. Na ajiye shi don yara in sun zo.

Sai na sayi Baader Classic Ortho mai milimita 6. Kai! Wallahi daren farko da na saita shi a kan Mushtari shiru na yi, ga ɗamara biyu masu ruwan ƙasa sun fito tar, gefensu ba a miƙe yake ba akwai ƴan lanƙwashe-lanƙwashe, sannan wani dare na ga inuwar ɗaya daga cikin watannin ta faɗo a jikinsa, ɗigo baƙi ƙirin kamar an ɗiga tawada da bakin alƙalami, na tsaya ina binta tana tafiya a hankali har wuyana ya sage. Irin wannan ƙirar tsohuwa ce, Ernst Abbe ne ya fito da ita tun 1880, gilasai huɗu kacal ne a ciki, shi ya sa haske ba ya watsewa sosai kuma hoton ke fita tsaf. Amma fa kowane ortho mai ƙaramar lamba halinsa ɗaya, sai ka manna ido har gashin idonka na shafar gilashin, tazarar ba ta wuce milimita 5 ba, in kana sa tabarau kam sai ka cire. Plossl, wata ƙirar ayifis ce ita ma, mai 6 ma haka yake, har ya fi matsewa.

Na ukun shi ne Celestron X-Cel LX mai milimita 7, yana ba ni kusan ninki 171. Faɗin filinsa digiri 60, tazarar ido milimita 16, ka zauna daram a kujera ka kalla ba tare da ka ƙanƙance ido ba. In ka jera su a dare mai kyau sosai ortho ya ɗan fi shi kaifi, ban musa ba, amma ɗan kaɗan ne. Kuma shi na fi ɗauka, dalili kuwa kallon duniyoyi haƙuri ne, iska tana rawa hoton yana rawa kamar kana kallon tsabar kuɗi a ƙasan ruwa, sai can ta lafa na daƙiƙa biyu ko uku komai ya fito fes, to in idonka ya riga ya gaji yana hawaye wannan lokacin zai wuce ka. Ga shi Dobsonian ba injin bin taurari gare shi ba, a ninki 200 cikin minti ɗaya duniyar ta tsallake fili ta fice, sai ka sake tura bututun da hannu. Da mai 7 ɗin ina samun ɗan sarari kafin in taɓa.

Zuhal kuma, wato Saturn mai zobe, a bar shi, duk wanda na nuna wa sai ya ce hoto na liƙa a ciki. Sai dai a watan Maris na 2025 zoben ya juyo mana da gefensa ya zama siriri kamar allura, a hankali zai sake buɗewa, don haka in ba ka ga tsagar Cassini ba, wato baƙin layin da ya raba zoben biyu, kar ka ɗora wa ayifis laifi. Titan dai, babban watan Zuhal, yana nan a gefe da ko wanne daga cikin ayifis ɗin.

Mu nan arewa muna da wata sa'a, duniyoyin suna hawowa kusan tsakar ka, ba kamar mutanen Ingila da suke leƙensu ƙasa-ƙasa ta cikin iska mai kauri ba. Matsalarmu ƙurar hunturu ce, tana hawa gilashi, kuma don Allah kar ka goge da gefen riga, ka hure da ɗan famfon roba tukuna. Ka fitar da teleskop waje kamar minti 40 ya huce kafin ka fara, kuma kar ka saita shi ta saman rufin kwanon da ya sha rana.

Yanzu kuɗin mai milimita 5 nake tarawa, ninki 240 ke nan, ina so in gwada shi a kan Mirrihi, wato Mars, in ya sake matsowa kusa.